Tambaya da Amsa: Wace Na'urar Sanyi Ta Dace da Gidan Haya da Gidan Bene a Damagaram?

Tun da bazara ta kunno kai, wasiƙun da ke zuwa wa wannan fili daga Damagaram kusan duk zancensu ɗaya ne: zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 da rana, kuma duk wanda ke zaune a gidan bulo da siminti, balle a saman bene, ya san dare ba ya kawo sauƙi, domin sai bayan isha'i bango da dal, wato rufin siminti, ke amayar da zafin da suka sha yini guda. Mun ware tambayoyin masu zaman haya da na gidajen bene game da na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira kilim, muka miƙa wa masu sana'ar sanyi da na wutar lantarki da ke amsa wa wannan fili. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haya a hawan sama na wani bene, ɗaki da falo. Ɗakin kwanan mita 4 ne a faɗi, 5 a tsawo, tagarsa na kallon yamma. A wani kanti an ce mini doki ɗaya ya ishe ni, a wani kuma an ce sai doki biyu. Wa zan bi? Daga wani malamin makaranta, Sabon Gari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna, ɗakinka za ka fara bi. "Dokin" da ake faɗa suna ne da kasuwa ta saba da shi. Abin da ke nuna ƙarfin kilim shi ne lambar BTU, ma'aunin yawan zafin da take cirewa daga ɗaki, da ke rubuce a kwali da kuma ɗan allon da ke manne a gefen injin. A al'adar kasuwa, doki 1 shi ne BTU 9,000, doki 1 da rabi 12,000, doki 2 kuma 18,000. Na sama da wannan 24,000 ne, wasu su ce masa doki 2 da rabi, wasu 3. Lambar za ka karanta da idonka.

Lissafin da masu aiki ke farawa da shi a ƙasa mai zafi irin tamu shi ne BTU 600 ga kowace murabba'in mita. Ɗakinka 4 sau 5, murabba'i 20 ke nan, ya ba da 12,000. To amma wannan na ɗakin hawan ƙasa ne, wanda wani gini ke kansa yana yi masa inuwa. Naka dal ne tsirara a kansa, rana na dukansa tun hantsi, ga taga ta yamma da ke karɓar ranar la'asar. Irin wannan ana ƙara masa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, ka doshi 15,500 ke nan. Idan fiye da mutum biyu ke kwana a ciki, kowane mutum na ƙari ka sa masa 600. Ka ga doki 1 ya fita daga lissafi tun da wuri. Zai yi ta gudu ba hutawa daga magariba har asuba, ɗaki bai yi sanyi ba, takardar wuta ta yi nauyi, kwamfuresa kuma, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi a cikin kilim, ta tsufa kafin lokacinta. Doki 1 da rabi bai kai ba, doki 2 ya isa har da rara.

Sai dai kafin ka zuba kuɗin doki 2, mun fi so ka rage wa ɗakin zafin da ke shigarsa. Ka nemi izinin mai gidan a shafe saman dal da farin fenti ko farar ƙasa, domin fari na mayar da hasken rana, simintin da ya yi duhu kuwa shanyewa yake yi. Ka yi wa tagar yamma inuwa daga waje, ko da zana ce ko ɗan rumfar kwano. Labulen ciki yana taimakawa, amma idan rana ta riga ta ratsa gilashi, zafi ya shigo. Ka toshe ƙarƙashin ƙofa da duk wata kafa ta jikin taga. Wanda ya yi waɗannan, sau da yawa doki 1 da rabi na ɗaukarsa, kuma duk wata yana ganin bambanci a kuɗin wuta. Mutanen unguwar Birni na da sun san wannan sarai: katangar ƙasa mai kauri da ƙananan tagogi ba don ado kaɗai aka yi su ba.

Akwai kuma wani harafi a jikin allon da yawancin masu saye ba su san da shi ba, kuma a garinmu ya fi sunan kamfani muhimmanci. Za ka ga T1 ko T3. Mai T1 an gwada ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, iyakar aikinta 43. Mai T3 an gwada ta a 46, tana iya aiki har 52, ita ce ake yi wa ƙasashe irin su Saudiyya. Injin waje, wato ɓangaren kilim da ke manne a bango ta waje, cikin ranar Mayu a Damagaram iskar da yake shaƙa kan haura 43. A nan mai T1 ke raguwa, daidai lokacin da ka fi bukatarta, kwamfuresa ta yi zafi, na'urar kariyarta ta yanke ta, ka ji fankar ciki na busa iska mai ɗumi. Na hannu da ake shigowa da su daga Turai galibi T1 ne. Idan ka ga T3, ko da ta ɗan fi tsada, ita ce taka.

TAMBAYA: Mu uku ne muke haya a gida ɗaya, kwanter ɗaya, wato mitar wuta, muke amfani da shi mai kilowat 3, muna raba kuɗin wuta. Ina son sa kilim, maƙwabta sun ce ba su yarda ba. Kuma ina jin ana cewa mai inbata ba ta shan wuta, gaskiya ne? Daga wani ma'aikacin lafiya, Garin Malam.

AMSA: Malam, maƙwabtanka suna da hujja, kada ka ɗauke ta hassada. Kilim doki 1 tana jan wat 800 zuwa 900, doki 1 da rabi wajen 1,200, doki 2 kuma 1,800 ko kusa da haka. Fankar sama wat 70 take ja. Ke nan doki 1 da rabi guda ɗaya daidai take da fanka goma sha bakwai. Idan ta yi awa 8 kowane dare, a wata za ta ci abin da ya kama daga kilowat-awa 200 zuwa kusan 290, gwargwadon yadda kwamfuresa ke samun hutu. Ɗauki takardar wutarku ka ninka da farashin da ke ciki. Ka kuma tuna farashin hawa-hawa ne, idan cin gida ya ƙaru sai a faɗa mataki mai tsada, kuma tsadar ta shafi kowa.

Sannan kwanter ɗin kansa. Kilowat 3 a kan bolt 220 bai wuce amfiya 13 zuwa 14 ba ga gidan baki ɗaya. Kilim ɗinka ta ɗauki 5 ko 6. Ga firji uku, ga fankoki, ga talabijin. Da zarar matar maƙwabci ta jona dutsen guga, wanda shi kaɗai ya kai wat 1,000, sai disjonkter, wato makunnin da ke yanke wuta idan kaya sun yi yawa, ya faɗi, gida ya yi duhu. Mafita biyu ce. Ko ka nemi kwanter naka a kamfanin wuta na NIGELEC da yardar mai gida, ko ku ƙara ƙarfin na gidan zuwa kilowat 6, kai kuma a sa maka ƙaramin kwanter a kan layin ɗakinka, ka riƙa biyan abin da ka sha. Wannan ƙaramin kwanter ya kashe rigingimu da yawa a gidajen haya.

Ko wacce ka zaɓa, kilim tana son layinta ita kaɗai daga allon wuta: waya mai kauri 2.5 ta tagulla tsantsa, da disjonkter na amfiya 16 ga doki 1 ko 1 da rabi, na 20 ga doki 2. Mai 24,000 waya 4 take so. A haɗa da wayar ƙasa. Kada a jona ta a soket ɗin da aka yi wa fitila da caji, kada kuma a ja mata wuta da ralanj, wato wayar ƙari. Siririyar waya ɗumi take yi a cikin bango inda ba mai gani, kuma gobara da yawa daga nan take farawa.

Batun inbata kuwa, tana shan wuta, amma ba kamar ta gargajiya ba. Ta gargajiya kwamfuresarta gudu ɗaya ta sani: ta tashi da ƙarfi duka, ta tsaya, ta sake tashi, kuma duk tashi tana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na ɗan lokaci, shi ya sa kake ganin fitila ta lumshe. Mai inbata a hankali take tashi, idan ɗaki ya yi sanyi sai ta rage gudu ta ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan. Ribarta tana fitowa ne a dogon dare, cikin ɗakin da ke rufe da kyau, kuma idan girmanta ya dace da ɗakin. Idan ta yi wa ɗaki kaɗan, gudu duka za ta yi ta yi, babu rangwame.

Rauninta shi ne katin lantarkin da ke cikin injin waje. Hawa da saukar wuta na ƙona shi, tsawa na ƙona shi, har tsaka da ƙadangare kan shiga akwatin neman ɗumi su haɗa waya. Katin na da tsada, kuma ba kowane iri ake samu a gari ba. Don haka kafin ka saya, tambayi masu gyara wane iri ne suke samun kayansa a nan ko a Kano. Ka kuma sa mai lantarki ya auna wutar gidanku wajen ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Idan tana sauka ƙasa da bolt 200, sai da regilater, na'urar daidaita ƙarfin wuta: mai VA 3,000 ga doki 1 da rabi, 5,000 ga doki 2, kuma wanda ke jinkirta mayar da wuta minti 3 bayan an ɗauke an dawo. Waɗannan mintuna uku su ke ba gas damar daidaituwa, don kada kwamfuresa ta tashi a kan matsi ta maƙale.

TAMBAYA: Mai gidan da nake haya ya ce ba wanda zai huda masa bango. Na ga wata kilim mai tayoyi da ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki. In saye ta? Daga wani ɗalibin Jami'ar André Salifou, mazaunin Kanya.

AMSA: Ɗan'uwa, ba mu ba ka shawarar ta ba, sai in babu yadda za a yi. Mai tayoyin nan injinta gaba ɗaya a cikin ɗaki yake, da kwamfuresa da ƙararta. Zafin tana fitar da shi ta wani ƙaton tiyo mai faɗin santimita 15 da ake zura wa ta taga. Matsalar ita ce iskar da take turawa waje iskar ɗakin ce, wadda ka riga ka biya kuɗi aka sanyaya. Duk abin da ya fita kuwa sai wani ya maye gurbinsa, sai iskar waje mai digiri 42 ta yi ta kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shi kansa tiyon zafi yake yi kamar murhu a tsakiyar ɗaki. Wanda ya zauna gabanta zai ji sanyi, ɗakin kuwa da ƙyar. Idan ta zama dole, a gajarta tiyon, kada a lanƙwasa shi, a yanka katako daidai bakin taga a huda masa gurbi, a toshe gefe-gefe.

Ka duba bangon ɗakinka tukuna. Tsofaffin gidajen haya da yawa suna da ramin kilim ta taga, an toshe shi da katako ko bulo ɗaya. Idan akwai, ta taga ta fi maka: jiki ɗaya ce, ba tiyon gas da za a haɗa balle ya yi yoyo, ranar tashi mutum biyu su zare ta su ɗora a a-daidaita. Tana da ƙara, amma tana da juriya. A ɗan karkatar da ita waje don ruwa ya zuba can, a yi mata kejin ƙarfe saboda ɓarayi.

Kuma ka sake komawa wurin mai gidan da bayani. Mai yiwuwa yana zaton irin ƙaton ramin da ne. Mai inji biyu, wadda ake kira sifilit, rami ɗaya take so mai faɗin santimita 6 da rabi, da ƴan kusoshi. Ku rubuta a takarda cewa kilim taka ce, ranar da za ka tashi za ka cire ta, ka toshe ramin da siminti, ka shafa fenti. Kuma ana cire ta ba a yi asarar gas ba. Mai gyara zai kunna ta a kan sanyi, ya rufe bawul ɗin siririn tiyo da makullin alan, ya jira kamar minti ɗaya yana kallon agogon awo har allura ta kusa sifiri, ya rufe na babban tiyo, nan take ya kashe wuta. Gas duka ya koma injin waje. Sai a toshe bakunan tiyo don kada ƙura ta shiga.

TAMBAYA: Ƙarfina bai kai na kilim ba. Ƙanwata da ke Agadas ta ce in sayi imidifikater, wato mai ruwan nan, ta ce sanyinta har da bargo. Amma wata maƙwabciyata ta saya ta ce ɗakinta sai danshi da wari. Wacce ke da gaskiya? Daga wata uwargida, Karkada.

AMSA: Hajiya, su duka biyun gaskiya suka faɗa. Wannan na'ura ba ta da gas, ba ta da kwamfuresa. Ɗan famfo ne ke jiƙa wata saƙa mai kama da ta zuma, fanka ta ja iskar waje ta cikinta, ruwa ya tashi ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Aikinta ya dogara ne kan bushewar iska. A watan Maris da Afrilu, idan waje na digiri 42 kuma iska ta bushe ƙamas, mai kyau za ta iya fitar da iska mai digiri 26 zuwa 28, da wutar da ba ta wuce wat 100 zuwa 250 ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwanter kilowat 3. Tana kuma sauƙaƙa bushewar hanci da leɓe. Amma da zarar iskar damina ta fara kaɗawa, daga wajen Yuni zuwa Satumba, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar ƙari. A Agusta digiri 3 ko 4 kawai za ta rage, jiki ya yi ta danƙo. A lokacin sai ki kashe famfon ki bar ta a matsayin fanka. Agadas ta fi mu bushewa, shi ya sa ƙanwarki ta fi jin daɗinta.

Kuskuren maƙwabciyarki muna iya hasashensa: ta rufe ƙofa da taga kamar mai kilim. Mai ruwa akasin haka take so. Bayanta ya kasance a bakin taga ko ƙofa tana shaƙar iskar waje, a buɗe wata taga a ɗaya gefen don iska mai danshi ta fice. Idan aka kulle ta a ɗaki, danshinta take sake shaƙa, bayan awa ɗaya sanyi ya ƙare, katifa da tufafi su fara wari.

Abin da ya kamata ki auna da kyau shi ne ruwa, domin kin san halin garinmu, musamman a bazara. Ƙarama tana shan lita 4 zuwa 6 a awa, babba takan wuce 10. Dare ɗaya jarka biyu ke nan ga ƙarama. Idan wurin ƴan garuwa kike saye, sa wannan cikin lissafi, idan kuma a saman bene kike, ki tuna da mai ɗaukar jarkar ya hau matakala. Duk mako a zubar da ruwan tankin a wanke shi, don gishirin ruwa na taruwa ya yi fari a jikin saƙar ya toshe ta, kuma ruwan da ya kwana biyu a ajiye gidan sauro ne. Kada ki bar famfo na aiki tanki babu ruwa, ƙonewa yake yi.

TAMBAYA: Na gina bene mai gidaje huɗu don haya, kowane da ɗaki biyu da falo. Wani ya ba ni shawarar in sa babban inji ɗaya da zai ba ɗakuna da yawa sanyi. Kuma ban so injina su ɓata fuskar ginin, ina so a ɓoye su a baranda. Mene ne shawararku? Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Jamus.

AMSA: Alhaji, Allah ya sa albarka a ginin. Babban inji ɗaya mai ciyar da ɗakuna da yawa yana da kyan gani, amma ranar da ya tsaya, duk ɗakunan sun tsaya tare, kayan gyaransa sai an yi oda, kuma idan ya haɗa ƴan haya biyu, rabon kuɗin wuta zai zama shari'a a zaurenka. Kowane ɗaki da sifilit ɗinsa, kowane gida da kwanter ɗinsa. Ba dole ne ma kai ka sayi na'urorin ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka tanadi wurinsu tun yanzu: layin wuta na musamman a kowane ɗaki, ramin bango, ƙarfen ɗora inji, da bututun roba da zai tattara ruwansu ya sauke ƙasa, don kada na sama ya riƙa ɗiga wa na ƙasa a kan shanya.

Ɓoye inji kuwa, a yi hattara. Injin waje aikinsa zubar da zafi ne, sai ya sha iska. Yana son santimita 30 tsakaninsa da bango ta baya, 60 ta sama, da fili kamar mita 2 a gabansa. Idan aka kulle shi a ƙaramar baranda mai katanga, zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa, wurin ya haura digiri 50, ko mai T3 ta galabaita. In za a rufe, a yi da raga mai manyan idanu. Bangon arewa ko na gabas ya fi na yamma. Idan a kan dal za a ajiye, a ɗaga shi daga ƙasa, a yi masa rumfa mai tsayi. Kada a jera biyu ɗaya na hura wa ɗaya. A sa roba ƙarƙashin ƙafafunsa don kada girgiza ta bi bango ta hana na ƙasa barci. Kuma a ajiye shi inda mai gyara zai kai ba tare da ya rataya ransa a tsani ba, domin injin da ba a iya kaiwa gare shi ba a wanke shi.

Ranar haɗawa ka tsaya a wurin, ko ka sa wanda ka yarda da shi. Injin ciki ya yi sama da mita 2 daga ƙasa, a bar santimita 15 tsakaninsa da silin, a sa nibo, ma'aunin daidaito na magina, a tabbatar ya zauna daidai, kada ya hura kai tsaye a kan gado. Ramin bango ya gangara waje. Tiyon tagulla kada ya gaza mita 3. Yawancin injina suna zuwa da gas da ya ishi mita 5, abin da ya wuce haka ana ƙara gas da awo, gram 15 zuwa 20 a kowace mita ga ƙananan injina, kamar yadda littafin na'urar ya faɗa. Tiyo biyun kowane a lulluɓe shi da baƙin sosonsa daban, a naɗe da tef, in ba haka ba rana ta cinye soson cikin shekara biyu.

Sai babban abin da ake yawan tsallakewa: zuƙe iska. Bayan an ɗaura tiyo, kafin a buɗe gas, dole a jona famfon zuƙe iska ya yi aiki minti 15 zuwa 30, a kashe shi, a zuba wa allura ido minti goma. Idan ta motsa, akwai yoyo. Wasu masu haɗawa sukan ɗan saki gas ya yi "fuu" su ce ya kore iskar. Bai kore ta duka ba. Iska da danshin da suka rage suna gauraya da man kwamfuresa, su lalata shi a hankali, bayan shekara ɗaya ko biyu a ce na'urar ce ba ta da kyau. Mai aikin da ya zo babu wannan famfo a kayansa, ka ba shi haƙuri ka nemi wani.

TAMBAYA: Kowace bazara sai mai gyara ya ce gas ya ƙare, a ƙara. Bana kuma ruwa ke zubowa ta gabanta yana ɓata mini bango. Kilim ɗin ta tsufa ne? Shekararta uku. Daga wata ma'aikaciyar banki, Zango.

AMSA: Malama, shekara uku ba tsufa ba ne. Kuma gas ɗin kilim ba irin na girki ba ne, ba ya ƙarewa. Zagaye yake yi a cikin rufaffen tiyo, shekara goma ma yana nan. Idan ya ragu, to akwai inda yake fita, kuma ƙari ba tare da an toshe wurin ba zuba ruwa ne a rariya. Je ki dubi gefen injin waje, inda tiyo biyu ke shiga da notin tagulla. Idan kin ga maiƙo a jikin notin, ƙura ta manne ta yi baƙi-baƙi kamar bakin kwalbar man gyaɗa, ga ɓarawon nan, domin gas na fita tare da ɗan mai. Wata alamar ita ce farar ƙanƙara a kan siririn tiyo. A sa ruwan sabulu a ga kumfa, a yanke bakin tiyon a sake buɗa shi, a ɗaure, a zuƙe iska, sannan a zuba gas da sikeli daidai nauyin da ke rubuce a allon. Kuma irin wanda aka rubuta: R22, R410A ko R32, ba a gauraya su. R22 na tsofaffin injina ne, ana kan daina shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, don haka mai sayen sabuwa ya kauce masa. R32 kuma yana iya kama wuta, kada a kusanto da walda sai an tabbatar tiyo babu gas.

Sau da yawa ma gas lafiyarsa lau, ƙura ce. Ɗaga murfin gaba ki zaro ragar nan biyu. Bayan hunturu za ki same su sun yi kamar an shafa musu garin ƙasa, in kin ɗaga wa haske ba ki ganin komai. Iska ba ta wucewa, ƙarfen ciki ya yi ƙanƙara, ta narke ta zubo. A garin nan a wanke raga duk mako biyu, lokacin ƙura duk mako, da ruwa kawai, ta bushe a inuwa. Injin waje a wanke shi a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama, a sake bayan guguwar farkon damina, wuta a kashe, ruwa a hankali don kada siraran ganyayen alminiyam su lanƙwashe.

Ruwan da ke ɓata miki bango kuwa, ƙurar ce ta zama laka ta toshe tiyon ruwa, ko tiyon ya yi ciki a wani wuri. A busa shi, a gyara gangarensa, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A damina doki 1 da rabi na iya ba da lita 1 ko fiye a awa. Ki tara a jarka, yana yin shara da ban ruwan shuka, amma ba na sha ba ne. In kina son gwada lafiyarta da kanki, bayan minti 15 da kunnawa ki auna iskar da ke shiga ta sama da wadda ke fitowa: bambancin digiri 8 zuwa 12 lafiya ce. Kuma sa ta a 16 ba ya ƙara mata sauri, hana ta hutu kawai yake yi. Ki bar ta a 25 ko 26, ki haɗa da fanka.

TAMBAYA: Ina da faifan sola biyu da batir ɗaya na mota. Za su ja kilim idan an ɗauke wuta? Daga wani tela, Kasuwar Dole.

AMSA: Ba za su ja ba, Malam, fanka da fitila da mai ruwa ne gwargwadonsu. Kilim a kan sola sai mai inbata, saboda tashinta a hankali. Da rana, doki 1 da rabi na son faifai 4 ko 5 masu wat 450, a riƙa share musu ƙura, da ondiler, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida, mai kVA 3 zuwa sama. Dare shi ne mai tsada: awa 8 a kan wat 800 kilowat-awa 6 da ɗoriya ne, alhali babban batirin litiyam mai bolt 48 da amfiya-awa 100 wajen kilowat-awa 5 kawai yake ɗauka. Tunda aikinka na rana ne a shago, fara da faifan da ondiler, batir ƙarami ya ishe ka riƙe wuta idan gajimare ya gifta.